KULLE BINDIGARKA, NAN KASUWA CE

Ya ku 'yan'uwa talakawa, mazauna rumfuna da masu kasa kaya a bakin hanya, yau maganarmu a kan wani ɗan guntun ƙarfe ce wanda tsawonsa bai kai taƙi ba. Yana nan a jikin bindigar da kuke gani kullum rataye a kafaɗar masu ɗamara, daga gefen dama, sama da kunama. Masu aikin suna ce masa sefti, mu kuwa za mu kira shi makullin bindiga, gama aikinsa ke nan. In yana sama, ko an ja kunama bindiga ba ta tashi. In an danna shi ƙasa, to, babu abin da ya rage tsakanin harsashi da cikin mutum sai motsin yatsa ɗaya.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da daddawa da makullin bindiga? Ai kuwa da ruwansa. Kwanan baya muna tsaye a bakin wani lungu daf da Kasuwar Kurmi, ana cunkoso irin na bayan La'asar, sai ga wata a-kori-kura cike da masu kaki ta kutso tana neman hanya. Ɗaya daga cikinsu yana zaune a gefen baya, ya ɗora bindiga a kan cinya, bakinta yana kallon rumfuna, makulli a ƙasa, yatsa a cikin kunama, yana ta hira da abokinsa yana dariya. Motar ta faɗa wani rami ta yi tsalle. Bakin bindigar nan ya bi ta kan mai baro, ya bi ta kan yarinya mai tallar gyaɗa, ya bi ta kan wani tsoho mai ɗinkin hula, sa'an nan ya bi ta kanmu. Ba abin da ya faru, suka wuce. Amma mun koma gida muna tambayar kanmu: da yatsan nan ya ɗan matsa sa'ad da motar ta yi tsalle, me za a gaya wa uwar yarinyar nan da magariba?

Mun san abin da za a gaya mata. Za a ce tsautsayi ne, bindiga ce ta tashi da kanta.

To, bari mu duba ko bindiga tana tashi da kanta. Wadda aka fi riƙewa a ƙasar nan ita ce AK-47, wadda wani sojan Rasha mai suna Mikhail Kalashnikov ya ƙera a 1947, sojojin Tarayyar Sobiyat suka karɓe ta a 1949. Don fagen fama aka yi ta. Gidan harsashinta yana cin guda 30. Makullinta yana da matsayi uku: can sama a kulle take, in an sauko da shi tsakiya sai ta yi ta zuba muddin yatsa yana kan kunama, in an kai shi ƙasa duka sai ta riƙa fitar da ɗaya ɗaya. Ku lura da wannan da kyau, jama'a: taki na farko daga kulle shi ne na ruwan wuta. A wannan matsayi tana fitar da harsashi wajen 600 a minti ɗaya, watau goma a daƙiƙa guda, gidan nan mai cin 30 kuwa ya ƙare kafin mutum ya gama amsa sallama. Harsashin yana fita da gudun da ya kai mita 700 a daƙiƙa. Ƙofar mota ba ta tsai da shi, balle ƙyauren langalanga ko katakon rumfa. In aka ɗaga bakinta aka harba, yana iya wuce kilomita biyu kafin ya faɗo, kuma inda zai faɗo ba ya tambayar ko gidan wa ne.

Kafin harsashi ya fita daga wannan bindiga, sai an sa mata gida. Sai an ja an ɗana ta. Sai an sauke makulli. Sai an juya bakinta wajen mutum. Sai an sa yatsa cikin kunama, sa'an nan a ja. Ayyuka shida ke nan, kowanne da hannun ɗan Adam. Wanda ya yi biyar da gangan, sa'an nan na shida ya kuɓuce masa, ba shi da bakin kiran tsautsayi. Sunan abin sakaci. Mun yarda tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ba mu taɓa jin an ce mutum ya tona rijiya a tsakiyar hanya ya bar ta a buɗe, sa'an nan in makaho ya faɗa a ce ranarsa ce ta zo ba.

Can a ƙasashen da ake horar da sojoji yaƙin cikin gida da na lungu, an daɗe ana gardama a kan wannan makulli. Tambayar ita ce: in mutum zai shiga ɗaki ko ƙuntataccen wuri inda abokin gaba yake iya fitowa gab da gab, ya shiga da bindiga a buɗe, ko kuwa ya bar ta a kulle har sai ya ɗaga ta ya ga wanda zai harba? Wasu suna cewa a buɗe tun daga ƙofa, domin a irin wannan wuri ƙiftawar ido ma lokaci ne, yatsa kuwa shi ne makulli na gaskiya, in ba ya kan kunama ba abin da zai faru. Wasu kuma suna cewa a'a, a bar ta a kulle, a buɗe lokacin da ake ɗaga ta zuwa ido, a mai da makulli da zarar an sauke. Masu koyar da bindigar Amurka sun fi karkata ga wannan na biyu, gama tasu makullinta yana ƙarƙashin babban yatsa, ana buɗe shi ba tare da an saki mariƙi ba. Ita kuwa ta Rasha makullinta dogo ne, mai tauri, yana ƙara in an taɓa shi, kuma sau da yawa sai hannu ya ɗan bar wurinsa kafin ya kai gare shi. Wannan ne ya sa masu riƙe ta suke jin ƙyuyar kullewa.

Mu ba sojoji ba ne, amma mun san birninmu, kuma a nan muke da ta cewa. Abin da waɗancan suke kira yaƙin gab da gab, suna nufin minti biyu ko uku da za su yi cikin gida guda. A cikin ganuwar Kano kuwa ko'ina gab da gab ne, dare da rana. Wanda ya taɓa bi ta Makwarari ko Sharifai ko Koki ko Bakin Zuwo ya san akwai lungun da in mai itace ya shigo da jakinsa sai kowa ya manne da bango. Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take ci, kuma ba a tsara hanyoyinta don mota ba, balle don bindiga mai aman wuta. Bayan kowane bango akwai tsakar gida, mata suna daka, yara suna wasa. Cikin kowane zaure akwai almajirai da alluna. Dā can katangar tubali mai kauri takan sha harsashi ta riƙe. Yanzu an rushe da yawa an sa bulo mai rami da ƙofar kwano, waɗanda ba abin dogara ba ne. Saboda haka wanda ya harba a lungun birni, ko ya sami wanda ya nufa, bai san inda harsashinsa zai kwana ba.

Maganar cewa yatsa shi ne makulli tana da daɗin ji a bakin wanda yake zaune a inuwa. Amma likitocin jijiya da suka binciki irin wannan harbi sun nuna cewa hannun mutum yakan damƙe da kansa, ba da izninsa ba, in ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, ko ya kama wani abu da ƙarfi da ɗaya hannun. Wannan ba sai an je makaranta ba. Duk wanda santsi ya taɓa kwashewa a bakin kwata yana riƙe da kofin koko ya san yadda hannu yake yi. To, ina wurin da ya fi lungunan birni tuntuɓe da santsi da firgita? Ga kwata a buɗe, ga tudu ga gangare, ga akuya ta faɗo daga zaure, ga yaro ya ɓullo a guje, ga salansar babur ta yi ƙara kamar harbi. Mai bindiga yana bin ɓarawon waya a guje, ya miƙa hagu ya cafko rigarsa, dama kuwa tana kan bindigar da ba a kulle ba. Yatsan da yake taƙama da shi bai san doka ba a wannan lokaci. Ko ba yatsa, igiyar rataya ko maɓallin riga ko ƙugiyar mota suna iya shiga kunama su ja.

Kada a ce ba mu san abin da masu ɗamara suka gani a garin nan ba. Mun sani, tare muka gani. Ran 20 ga Janairu 2012 aka kai hari ofisoshin 'yan sanda da na wasu hukumomi a Kano, aka kashe mutum aƙalla 185, cikinsu har da 'yan sanda da yawa. A Janairun 2013 aka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta, abin da ya jawo hana acaɓa a gari. Ran 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin birni, mutum fiye da 100 suka rasu. A shekarun nan an sha harbe ɗan sanda yana tsaye a bakin aikinsa, daga kan babur, bai ko juyo ba. Wanda ya ɗauki gawar abokinsa a irin wannan hali, in ya ce shi ba zai sake yarda a riga shi ba, ba za mu yi masa dariya ba. Shi ma ɗan talaka ne, daga cikinmu ya fito, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma yana da 'ya'yan da suke jiransa.

Amma muna tambayarsa, cikin girmamawa: waɗanda aka harba daga kan babur, makulli ne ya kashe su? Mutumin da aka zo masa ta baya, ko bindigarsa a buɗe take ko a kulle, duk ɗaya ne. Abin da yake cin lokaci shi ne ido ya gane wane ne wannan, me ke hannunsa, waya ce ko bindiga, wa ke bayansa. Wanda aka horar sosai yana sauke makulli ne a cikin ɗagawar da yake yi wa bindiga, kafin ta iso ido an gama. In kuwa makullin yana ba shi wuya, maganinsa horo ne, ya yi ta maimaitawa a filin harbi har hannunsa ya saba. Ba daidai ba ne a ce don hukuma ta gaza ba shi horo, sai mai sayar da tumatir ya biya da ransa. Har ma muna iya cewa ɗan jinkirin nan na sauke makulli alheri ne, gama shi ne ɗan lokacin da hankali yake samu ya riski hannu.

Akwai wurin da muka sakar musu. In an tabbata ga gidan da 'yan bindiga suke ciki, an kewaye shi, an fitar da maƙwabta, wuta tana fitowa ta taga, to, wannan fagen fama ne, shugaban ayari shi ya san umarnin da zai ba mutanensa a bakin ƙofa. Ko a nan ma masu koyarwa da yawa suna cewa a kulle in za a haura katanga, ko za a tsallake rami, ko za a kama mutum da hannu, domin wanda yake gabanka a jere abokin aikinka ne, kuma an sha jin soja ya harbi ɗan'uwansa a ƙeya ta haka. Amma sau nawa mai ɗamara yake samun kansa a irin wannan ƙofa? Wani har ya yi ritaya bai gani ba. Abin da yake yi kullum shi ne tsayuwa a shinge, da rakiyar manya, da gadin banki, da rabon faɗa tsakanin mai adaidaita sahu da fasinja, da korar 'yan talla daga bakin titi. Ɗauko dokar ƙofar 'yan ta'adda a kawo ta Kasuwar Rimi ko Ƙofar Wambai, wannan shi ne abin da muka ƙi.

Dattawanmu suna tuna 'yan dokan En'e, kuma ba da daɗi suke tuna su ba. Sun yi duka, sun yi kamu ba dalili, talaka ya sha wuya a hannunsu. Amma kulki suke riƙewa, wanda aka doka da kulki kuwa yakan tashi ya kai ƙara, ko da ba za a saurare shi ba. Bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966 aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Ko bindigar da iyayenmu suka riƙe a yaƙin Bama, mai cin harsashi 10, sai an ja ƙarfe da hannu bayan kowane harbi, mai kuskure sau ɗaya zai yi ya farga. Ta yanzu kuwa mai kuskure kafin ya farga ya zubar da layi guda. Makami ya ƙaru da ƙarfi ninki ba ninki, horon mai riƙe shi bai bi shi ba.

Ku dubi 'yan bindigar Sarki ranar hawan Sallah. Albarushi kaɗai suke ɗurawa, amma duk da haka ba ka ganin sun juya baki wajen 'yan kallo, sama suke nunawa. Ku dubi maharbi in ya dawo daga daji, ba ya shiga gari da bindigar toka a ɗane. Waɗannan ba su je kwaleji ba, sun gaji ladabin ne daga iyayensu. Abin kunya ne a ce wanda gwamnati ta ɗauka, ta ɗinka masa kaki da kuɗin harajinmu, bai kai maharbin ƙauye sanin ladabin makami ba.

Doka kuwa tana bayanmu, ba roƙo muke yi ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin rayuwa. A 1990 a birnin Habana, taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da makami ga masu tsaron doka, inda aka ce ba a harbin kisa sai in babu wata hanya ta ceton rai. A nan gida akwai Umarni na 237 na rundunar 'yan sanda, wanda aka daɗe ana kuka da shi domin tsohon rubutunsa ya ba da damar harbin wanda ya gudu, har aka gyara shi a 2019 zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka ɗaure harbi da sharaɗin barazanar mutuwa ko mummunan rauni. A 2020 kuma aka sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda. Kotuna ma sun fara nuna cewa kaki ba laya ba ne. Ɗan sandan da harsashinsa ya kashe wani saurayi mai kallon ƙwallo a Legas a Maris 2019 an yanke masa ɗaurin rai da rai a 2022. Wanda ya harbe wata lauya mai ciki a Legas ranar Kirsimeti ta 2022 an yanke masa hukuncin kisa a Oktoba 2023. Amma ku lura, waɗannan a Legas ne, inda jaridu suka yi ca, lauyoyi suka tsaya. Ɗan dako da aka harba a lungu, wanda iyayensa suke ƙauye, wa zai tsaya masa? Sai a zo gaisuwa da buhun shinkafa, a ce a yi haƙuri, a binne maganar tare da shi.

Takarda tana Abuja, bindiga kuwa tana Jakara. Abin da muke nema shi ne a sauko da takardar nan ƙasa, a mai da ita magana gajeriya wadda kurtu zai haddace, ɗan kasuwa ma ya haddace: cikin jama'a bindiga a kulle, baki ƙasa, yatsa a waje. Ba a buɗewa sai ido ya ga takamaiman mutumin da yake shirin kashe wani, kuma da zarar abin ya wuce a mai da makulli. Ba a hawa mota ko sauka da ita a buɗe. Ba a leƙa tagar direba da ita a buɗe. Ba a nuna hanya da bakinta, ba a dukan mutum da gindinta. A fassara wannan da Hausa, a karanta a rediyo, a manna a ƙofofin kasuwa, domin dokar da talaka bai sani ba ba ta kāre shi. Kuma kada a jira sai an zubar da jini kafin a hukunta. Wanda babbansa ya kama da makulli a ƙasa cikin kasuwa a ɗauke shi ya yi laifi a ranar, ko da bai harba ba, kamar yadda ake kama direban da ya sha giya tun bai kaɗe kowa ba. A ƙirga harsashi in za a fita, a ƙirga in an dawo, wanda nasa ya ragu ya faɗi inda ya kai shi.

Muna kuma tambayar masu mulki, na kowace jam'iyya: don me sai da bindigar yaƙi ake sintirin kasuwa? Ɓarawon aljihu da mai zaren waya, kulki da ankwa sun ishe su. A ajiye masu manyan bindigogi a mota a bakin ƙofa, in bukata ta taso a kira su. Masu mulkin nan da suke yawo da ayarin masu ɗamara, bakin bindigogi a waje yana share talakawa hagu da dama, ba su taɓa zama ta inda bakin yake kallo ba, shi ya sa abin bai dame su ba.

Ku kuma 'yan'uwa, daga yau in kun ga mai bindiga ya shigo layinku, ku dubi gefen damanta. In dogon ƙarfen nan yana sama, ya rufe tsagar da ke jikinta, a kulle take. In ya sauko, tsagar ta bayyana, a buɗe take. Kada ku yi masa gardama, kada ku taru a kansa, gama mai buɗaɗɗiyar bindiga ba a firgita shi. Ku janye yara daga gabansa, ku riƙe rana da lokaci da lambar motar, ku kai wa sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyarku. Su kuma su rubuta, su tara, su ɗauka da ƙafarsu su kai wa babban jami'in yankin, su karɓi shaidar cewa an karɓa, su ajiye kwafi a rumfa.